Katako Uku a Bayan Gidan Rukayya

Tun da na dawo ban huta da tambaya ba. Hajiya Asabe ta tare ni a ƙofar masallaci. Ummu Faisal ta hawo bene har hawa na uku da ciwon gwiwarta, wai ta zo yi mini sannu da zuwa, alhali labari ta zo ɗauka. Kowacce na ba ta guntu ta tafi ta ƙara masa gishiri, har jiya na ji ana cewa wai na faɗa kogi Turawa sun ciro ni da ƙugiya. To, ban faɗa kogi ba. Shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta shi sau ɗaya da wannan hannun nawa na ajin manya, wadda ta iya karatun Hausa ta karanta wa saura.

Kun san autata Rukayya ta tafi karatu Sikotilan, can arewa da ƙasar Ingila. Ta gama lafiya, sai mutanen da ta yi bincike a wurinsu suka ce ta zauna ta yi musu aikin shekara biyu. Takarda tana hannunta, sai ta sa hannu kafin ƙarshen wata ko a bai wa wani. Ita kuma ta ce ba za ta sa ba sai da yardar babanta. Maigida kuwa ya ga wani hoto a wayar yayanta, tana tsaye cikin baƙin taɓo har gwiwa tana dariya, kuma tun ranar ya ɗaure fuska. Ga wadda ba ta sani ba, mahaifinsa da ƙafa ya zo garin nan daga Kano, ya yi shekaru yana hawa duwatsun Makka da garwa biyu a kafaɗa yana kai wa gidaje da alhazai ruwa. Shi kansa Maigida shekara talatin ya yi yana tuƙa wayit, motar ruwa. Ya ce ubansa ya yi kanta a kafaɗa ne don kada jikokinsa su taɓa laka. Ya ce in je in gani da idona: in aikin ofis ne ta zauna, in taɓo ne in taho da ita. Abin da na faɗa shi za a yi. Ni da ban taɓa yanke hukuncin abin da ya wuce miyar rana ba, aka ɗora mini wannan.

Babban ɗana ne ya ɗauke ni daga unguwar Ka'akiyya zuwa filin jirgin Jidda. Bai gaya mini ya rubuta ni cikin waɗanda ba sa iya tafiya ba, wai don kada in ɓata. Sai ganin keken guragu na yi an turo gabana. Ni da nake ɗawafi da safa da marwa da ƙafata ko a goman ƙarshe na azumi. Na ce lafiyata ƙalau, ya ce in zauna kawai, ya Ummi, haka ake yi. Na zauna na rufe fuska, ina roƙon Allah kada wata 'yar unguwa ta gan ni.

A Landan ma keken ne ya tarbe ni, amma a nan na gode wa yaron a zuciyata, domin filin ya fi Mina faɗi. Wata 'yar Somaliya ce ta tura ni, mace mai kamar shekaruna, tana jin Larabci. Da ta ji daga Makka nake sai ta rage sauri, ta ce shekara tara tana son zuwa Umra. Ta riƙa ba ni saƙon addu'o'i har da sunan surukinta da ba ya jin magana. Wajen duba fasfo ba a wahalar da ni ba, na miƙa wasiƙar da Rukayya ta rubuto, aka dube ni aka buga hatimi. Matsalar a wajen kaya take. Wani ɗan kare mai dogon kunne, sanye da riga kamar ma'aikaci, ya zo ya zauna a gefen jakata bai yi haushi ba. Na janye abayata. Aka buɗe jakar, aka ciro dambun naman da na kwana biyu ina yi. Ma'aikaciyar ta ce nama ba ya shiga ƙasarsu, tana ta ba ni haƙuri kamar ita ce ta yi laifi. Garin kuka ya tsayar da ita, ta juya ledar ta sake juyawa, sai da 'yar Somaliya ta yi mata alamar tuƙa miya. Yaji kuwa da ta buɗe ta kai hanci, atishawa huɗu ta yi ta mayar mini da abuna da sauri. Dabino da ruwan Zamzam suka wuce lafiya. Ina juyowa na ga karen yana bin dambun da ido. Ban yafe masa ba har yanzu.

Rukayya tana jirana a waje. Ta rame kaɗan, ta yi haske, ta rungume ni tana magana da Larabci da Hausa a haɗe kamar yadda 'ya'yanmu suke yi. Muka sake hawa wani ƙaramin jirgi, sannan mota awa uku. Hanyar ta mota ɗaya ce. In kun haɗu da wani sai ɗaya ya raɓe ya jira, kuma kowa yana rige-rigen zama mai jiran. Duk wanda muka wuce sai ya ɗaga yatsa. Na ce ashe kin yi jama'a haka, ta ce ba ta san ko ɗaya ba. Tumaki suna kwance a tsakiyar kwalta, ba wanda ya danna musu ham. Na tuna direbobin unguwar Zahir ta Makka, na ce da an kawo su nan wata ɗaya su koyi haƙuri a wurin tumaki.

Gidan da take haya ƙarami ne na dutse, a gefen gidan mai shi, wata tsohuwa makiyayiyar tumaki mai suna Morag. Ni Inna Mora na riƙa ce mata. Ta haura saba'in, doguwa, gashinta fari fat, wando take sawa kuma tana tafiya kamar wadda aka aika. Ba ta jin nawa, ba na jin nata. Ranar farko na kai mata dabino, ta kawo mini ƙwai shida a hularta. Ba mukayyif, na'urar sanyaya ɗaki, a gidan, sai murhu, kuma abin da suke ƙonawa ƙasa ce. Ƙasa, 'yan'uwa. Baƙa, an yanka ta kamar tubali an shanya, tana ci a hankali kamar busasshen kashin shanu, da wani ƙamshi da ke kama tufafi. Ƙofa kuwa ba a kullewa. Na tambayi makulli, Rukayya ta ce tun da ta zo ba ta gan shi ba.

Abin da ya fara sa ni kuka shi ne alƙibla. Shekara talatin da huɗu ina Makka, ban taɓa tambayar ta ba, sai ga ni ina bin wata kibiya a waya tana nuna mini kusurwar da firji yake. Rana kuma ba ta da niyyar faɗuwa. Ƙarfe tara ta wuce ana iya zura zare a allura a waje. Na ce Allah Ya sa azumi bai same ni a nan ba. Abincinsu dankali ne da kifi, gobe kifi da dankali. Da safe wani kunu ne mai kauri da suke sa wa gishiri maimakon sukari. Inna Mora ta kawo mini shi da alfahari, na shanye saboda kunya, sai ta ɗauka ina so, ta riƙa kawowa kullum. Shayi kuma da madara mai sanyi. Na yi kewar burodin tamis da waken ful ƙwarai.

Sai ƙwarin nan. Ba su kai sauro ba, kamar ƙurar barkono suke, in iska ta kwanta sai su taso su shiga ido da kunne da ƙarƙashin ɗankwali. Kowa yana da wata baƙar raga da yake rufe fuska da ita. Na ga wani ƙaton mai gemu ya kawo wasiƙa da tasa a fuska. Na ce wa Rukayya ashe a ƙasar nan har maza niƙabi suke sawa.

Kwana uku Rukayya tana yawo da ni, amma ba inda na zo gani ba. Ta kai ni ofis a gari, ta nuna mini teburinta da kwamfuta da taswirori. Ta nuna mini takardar shaidarta sau biyu. Da na tambayi hoton taɓo sai ta ce wannan rana ɗaya ce kawai, wasa suke yi. Ni kuwa na ga hannunta lokacin da take zuba mini shayi: bakin farce baƙi, tafin ya yi kaushi. Na ga takalman roba masu dogon wuya an tura su ƙarƙashin kujerar mota an rufe da bargo. Na ce a raina za ta faɗa in ta shirya.

Rana ta huɗu ta tafi taro a gari, ta ce sai la'asar. Na gama share gidan da ba shi da datti, na wanke abin da yake wankakke, sai na ɗauki wasu takalman roba na Inna Mora da ke bakin ƙofa na zaga baya. Tafiyar minti biyar daga gidan akwai wata lamba, wato haƙaƙƙiyar hanyar ruwa, doguwa miƙaƙƙiya, ta fito daga fili ta nufi gangare. A tsakiyarta an gitta katakai, ruwa ya taru a bayansu ya cika ya malala cikin ciyawa, baƙi kamar shayi, ƙwarin nan suna ta rawa a kansa.

Ku da kuke zaune a garin nan ku gaya mini abin da za ku yi. Mu da ma'aikatan baladiyya, hukumar gari, suke bi gida gida suna leƙa bokiti da ƙasan tukunyar fure saboda sauron zazzaɓi. Mu da in hadari ya haɗu kowa yake fita da tsinken ƙarfe ya buɗe magudanar ƙofarsa kafin ruwa ya shigo ɗaki. Na ce Allah sarki, tsohuwa ita kaɗai, yarinya kuma kullum tana ofis, magudana ta toshe ba mai buɗewa, ga ƙwari suna cinye su. Na naɗe abaya na ɗaure a ƙugu, na yi bismilla. Katakan a cikin wata tsaga aka zura su, ɗaya kan ɗaya. Na farko ya fito da sauƙi. Na biyu sai da na sa dutse. Na uku na ja shi na faɗi zaune, kuma wannan ce faɗuwar da ta zama kogi a bakin Hajiya Asabe. Ruwa ya tafi da gudu yana wani ƙugi mai daɗin ji. Na jingine katakan a gefe a jere, har na ɗauraye su.

Ina tsaye ina kallon aikina sai ga Inna Mora da karenta. Ta dubi lambar, ta dube ni, ta dubi takalmanta a ƙafata. Ta rufe baki da hannu. Sai ta zauna a kan dutse ta yi ta dariya har da hawaye. Na ɗauka godiya ce, na ce mata ba komai, yi wa kai ne. Ta tashi ta gwada mayar da katako ɗaya, ruwan ya fi ƙarfinta, ta ja hannuna muka tafi gidanta ta ba ni shayi, ta ɗauki waya.

Rukayya ba ta kai la'asar ba. Ko gida ba ta shiga ba, ta wuce baya da takalmin ofis. Na same ta a tsaye a bakin wurin. Inda ruwa yake da safe ya zama baƙar laka tana ƙyalli.

"Ya Ummi, me kika yi?"

Na ce magudana na buɗe musu.

"Ba magudana ba ce. Aikina ne. Wannan shi ne aikin."

Ta zauna a ciyawa ta yi kuka irin wanda rabona da ganinsa tun tana firamare. Cikin kukan na fahimci cewa katakan nan su ne na ƙarshe a layi, su suke riƙe ruwan wannan gefen gaba ɗaya, kuma damina biyu aka yi kafin ya tsaya haka. Akwai wasu tsuntsaye biyu da suka yi ƙwai a bakin ruwan a bana, karo na farko, sun ƙyanƙyashe uku. Kuma shugabarta za ta zo duba wurin bayan mako guda. Ta share ido ta ce, "Shi ke nan, kin gani. Taɓo ne. Ki gaya wa Baba zan dawo."

Kunya ta kama ni har cikin ƙashi, amma na ga ba lokacinta ba ne. Na ce mata hukunci ba nata ba ne, ni aka aiko, kuma ban ga komai ba tukuna sai kwamfuta. Na ce ta je ta ciro takalman da ta ɓoye a ƙarƙashin bargo.

Mu uku muka koma: ni, ita, da Inna Mora ɗauke da wani tsohon shebur mai siririn baki. Ruwa ya ragu, katakan suka shiga, amma gudun ruwan ya ci gefe ɗaya ya yi rami, yana zurarewa ta nan. Rukayya ta ce sai an kawo motar haƙa, kuma ba a shigo da mota lokacin da tsuntsaye suke da 'ya'ya. Ni kuwa da na ga ramin sai hannuna ya tuna abin da kaina ya manta. A ƙauyenmu na ƙasar Haɗeja, in ruwa ya fara janyewa daga fadama, mu 'yan mata muke datse ƙananan hanyoyinsa mu kama kifi. Ba zuba laka ake yi kawai ba. Ana jera ta da ciyawarta, saiwa tana kama saiwa, kowane layi a taka shi da dunduniya kafin a ɗora wani, a kuma fara daga gefen da ruwa yake turowa. Na nuna wa Inna Mora girman da nake so da hannu. Ta riƙa yankowa, Rukayya tana miƙowa, ni ina jerawa. Takalmin ya hana ni jin inda yake zurara, na cire shi. Sanyin da ya shiga ƙafata ban taɓa jin irinsa ba, ko tayil ɗin Harami da asubar hunturu bai kai shi ba. Muna yi ƙwari suna cinmu. Kafin lokacin da ya kamata a ce magariba ce, ruwan ya tsaya.

A wajen shayi Rukayya ta fassara mini maganar tsohuwar. Shebur ɗin na baban Inna Mora ne, kuma da shi ya haƙa wannan lambar da hannunsa. A zamaninsa hukuma ce take ƙarfafa mutane su tsane fadamun don tumaki su sami ciyawa. Yanzu hukuma ce take roƙo a toshe. Ta ce da na buɗe ruwan ta yi dariya ne don shekara biyu tana jin kamar ta yi hakan da kanta, sai ga Allah Ya kawo wata daga Makka ta yi mata. Ta ce babanta bai yi laifi ba, 'ya'ya yake ciyarwa. Amma tana yarinya kukan wani tsuntsu mai dogon baki ne yake tashinta da safe, kuma ta yi shekaru ba ta ji shi ba, ba ta ma lura ba sai bara da ta sake ji. Ni ma zuwana gida na ƙarshe na tarar fadamarmu ta zama filin ƙwallo. Na tambayi ina tsuntsayen ruwan nan, kirinjijiya da dinya, suka tafi, yaran ba su ma san sunayen ba.

Washegari Rukayya ta kai ni cikin filin sosai. Ƙasar tana motsi a ƙarƙashin ƙafa kamar katifa. Ta cusa hannu ta ciro wata gansakuka, ta matse, ruwa ya zubo kamar daga soso. Ta ce ita ce take mutuwa tana taruwa a kan 'yar'uwarta, ba ta ruɓewa saboda ruwa, har ta zama baƙar ƙasar nan, kuma tsawon ɗan yatsa ɗaya ya girme mu, ni da ita. In aka tsane ta sai ta bushe ta farfashe, iska da ruwan sama su kwashe, tsutsotsin da 'ya'yan tsuntsaye suke ci su ƙare. Aikinta shi ne ta bi wasu bututu da aka kafa a ƙasa, ta zura ma'auni ta ga inda ruwa ya kai, ta ƙirga tsuntsaye, in kaka ta yi kuma ta nuna wa masu mota inda za su toshe. Tana magana ba ta ko tuna da ni ba. Hausarta ma ta miƙe.

Daga ranar ni na karɓi bututun da yake kusa da ɓarnata. Kullum da safe in zura ma'auni in rubuta lamba a littafinta. Kwana uku ba ruwan sama, a ƙasar da aka ce kullum ana yi. Duk wanda muka haɗu da shi yana murna da rana, ni kaɗai nake roƙon hadari a kowace sujada. Rana ta huɗu ya zo, siriri, ba tsawa ba iska, ya wuni yana yi. Na tsaya a ƙofa ina hamdala, Inna Mora tana kwashe shanyarta tana harara ta.

Tsuntsayen kuwa na gan su da madubin hangen nesa, muna kwance a ciki a kan ciyawa, ni da girmana. Na zaci wani abu ne kamar shamuwa ko zalɓe. Ashe ɗan mitsitsi ne bai kai kurciya ba, bayansa ja-ja, cikinsa da baƙin tabo kamar ya jingina da tukunya. Rukayya ta ce in sanyi ya zo irinsu suna tafiya har gaɓar teku ta yammacin Afirka, in ya wuce su dawo wurin da suka sani. Na ce duk wannan tafiyar, ba keken guragu ba 'yar Somaliya. 'Ya'yan kamar curin auduga a kan tsinke. Biyu muka gani. Mun koma sau uku, biyu ne dai. Rukayya ta ce hankaka ma yana ɗauka, kuma ba kasafai duka suke rayuwa ba. Wataƙila haka ne. Ni dai na san abin da na cire, kuma ina neman gafara a kansa.

Da shugabar ta zo, Rukayya ba ta ɓoye ba, ta riga ta rubuta a littafi cewa an buɗe ruwa ranar kaza. Matar ta tambayi wa ya buɗe, aka nuna ni. Ta tambayi wa ya yi wannan datsiyar, aka sake nuna ni. Ta hau kai ta yi tsalle sau biyu, datsiyar ba ta motsa ba. Ta ɗauki hoton wurin, ta ce laifinsu ne da suka bar katako ba kulle.

Ranar tafiya Inna Mora ta ba ni takalman robar, ta ce na riga na saba da su. Na bar mata sauran yajin. Rukayya ta raka ni har Landan ba ta tambaye ni abin da zan faɗa ba, ni ma ban gaya mata ba, don ban san yadda zan faɗe shi ba. Da muka sauka Jidda aka buɗe ƙofar jirgi, zafi ya rungume ni kamar ɗan'uwa.

Maigida ya bari na ci na huta. Bayan la'asar ya zauna da shayinsa ya ce, "To, ofis ne ko taɓo?"

Na ce, "Taɓo ne. Har gwiwa. Wani wurin ya fi."

Ya ajiye kofi ya ce halas, magana ta ƙare. Na ce ban gama ba, shi ya aike ni, sai ya ji saƙo duka. Na ba shi labarin katakai uku ban rage komai ba. Da na zo wajen faɗuwata ya juya fuska wajen taga, kafaɗarsa tana rawa. Ya tambayi zurfin ruwan, da yadda aka yi tsagar katakan, da ko ba sa ruɓewa. Tsohon mai wayit ne, ba ya jin maganar ruwa ya yi shiru. Sannan na ce masa, "Babanka ya kai wa baƙin da suka zo daga nesa ruwa. Kai ma shi ka yi. Ita ma baƙi ne suke zuwar mata daga nesa a gajiye, tana tsare musu ruwa. Ni ban ga inda ta bar sana'ar gidanku ba. Garwa ce kawai ba ta ɗauka."

Ya tashi ya tafi masallaci. Kwana biyu bai tada maganar ba, ni ma ban tada ba, ga wata yana ƙarewa, Rukayya tana turo mini gaisuwa safe da yamma ba ta tambayar komai.

Rana ta uku ya dawo daga kasuwar Zahir da leda mai nauyi, ya ajiye a gabana. Sarƙa ce da kwaɗon ƙarfe irin na ƙofar shago, da makulli biyu. Ya ce in bai wa wanda zai aika wa Rukayya. Makulli ɗaya nata, ɗaya na tsohuwar.

Na ce ni fa?

Ya ce, "Saboda ke aka saya."

Rukayya ta sa hannu a takardar aikin washegari. Takalman kuma suna nan a bayan ƙofa, duk wadda ba ta yarda ba ta hawo ta gani. Ummu Faisal ta riga ta gwada, ba su shige ta ba.